Awaza Shida Kafin Motar Kassala

A Gadarif, bayan kasuwar riɗi,
inda manyan motoci ke kwana hancinsu na duban gabas,
nan Baffa Tanimu ya kafa teburinsa
tun ban zo duniya ba.
Yau ƙafarsa ta kumbura.
Ya zauna kan gadon igiya,
ya miƙo mini wuƙa ta wajen ƙota.

Ɗahiru direba, mai haƙorin Makka,
ya sauko yana kaɗa makulli:
"Minti ashirin gare ni, yaro,
an kusa gama ɗaure tamfol.
Awazar rago shida.
In ka makara, kai ka saya."

Na dubi Baffa. Baffa ya dubi gawayi.

"Ba a ɗora nama kan wutar da ke surutu.
Bari harshenta ya kwanta,
garwashi ya yi furfura.
Ɗaga tafinka taƙi ɗaya a samanta.
In ka ƙirga biyar ba ka janye ba, da saura."
A uku na janye.
Ya ce, "To."

Kaurin yatsa na yanka, ban ƙara ba.
Na kwantar da su kan katako,
na bubbuga da gindin kwalba har suka baje,
na tsattsaga kitsen gefe
don kada su nannaɗe su yi mini ƙusumbi.
Gishiri.
Rabin lemun tsami, ƙwallayen na faɗawa ina tsincewa.
Tafarnuwa biyu, murƙushe da cikin wuƙa.
Man riɗi a tafi, shafa ɗaya.
Hannuna ya nufi garin ƙuli,
mafici ya sauka a kansa:
"Gyaɗa ba ta jure wuta. Ita ce ta ƙarshe."

Caaa!
Kitse ya ɗiga, wuta ta miƙe tsaye kamar an zage ta.
Na janye biyu gefe har ta huce.
Hayaƙi ya tsallaka titi,
ya ratsa ta gaban mai shayi,
ya taso wani kare daga ƙarƙashin tirela.

Yatsuna na ƙaiƙayi in juya.
"Bar su.
Naman da ake yawan tambaya ba ya ba da amsa.
In ya nuna, da kansa zai saki waya."
Ɗahiru ya danna hon sau biyu.
Gumi ya gangaro mini ta bayan kunne.
Minti huɗu, sun fi mini tsawon azumin bazara.
Na taɓa ta fari, ta taso ba gardama,
bayanta ja-ja-wur, da zanen waya kamar tsagar gado.

Uku a ɗaya gefen.
Na danna da yatsa, ta dawo a hankali
kamar tsokar gindin babban yatsa.
Sai na barbaɗa ƙuli da barkono,
na ba su numfashi ɗaya a kan wuta,
na kwashe, na kife faranti.

"Yaro! Ba ni mana!"
Baffa bai ko ɗaga kai ba:
"Ruwan jikinsu na guje-guje, Ɗahiru.
Bari kowa ya koma ɗakinsa."

Takardar buhu, albasa, kisira biyu.
Ya ciji ɗaya yana tsaye kan matakalar mota,
bai ce komai ba,
amma bai tsaya karɓar canji ba.
Mota ta yi tari, ta ɗauki gabas.

Akwai ta bakwai, wadda na manta a gefe,
bakinta ya ƙone.
Na kai wa Baffa ina kallon ƙasa.
Ya tauna da ɓangaren da haƙora suka rage.
"Gishiri ya yi yawa," in ji shi.
Ya cinye.
Ya tsotse ƙashin,
ya daɗe yana tsotsa,
sannan ya nuna mini gawayi da haɓa,
wata mota ta tsaya.